Kafin Na'ura Ta Ba Ka Amsa, Wa Ya Duba Takardar Da Ta Karanta?

A ce wani mai sayar da kaya ta intanet a Kano ya haɗa manhajar ƙirƙirarriyar basira da rumbun bayanan cinikinsa, ya tambaye ta nawa aka sayar a watan jiya. Manhajar ta leƙa rumbun, ta tarar da gurbin da aka rubuta wa “adadi”, ta tara lambobin da ke ciki, ta ce masa naira miliyan 480. Alhali cinikin gaskiya naira miliyan 4 da dubu 800 ne. Ba ta yi kuskuren lissafi ko na sisin kwabo ba. Abin da ya faru shi ne kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Stripe suna rubuta kuɗi da ƙaramin juzu'insa, wato kwabo a Najeriya, santi a Amurka, don haka naira 5,000 takan bayyana a matsayin 500000. Ba kuma za a ce a riƙa raba kowace lamba da ɗari a huta ba, domin a tsarin Stripe kuɗin sefa da ake kashewa a Nijar da Kamaru da Chadi ana rubuta shi ne yadda yake, ba ƙaramin juzu'i. Jimla ɗaya tak a cikin bayanin kayan aikin, mai cewa “wannan adadi da kwabo yake”, ita ce tsakanin amsar gaskiya da amsar da ta ninka gaskiya sau ɗari.

Wannan jimla da ire-irenta su ne abin da ya kamata mu damu da su. Hujjar da za a kafa a nan ita ce: rubutaccen bayanin da ke tare da kayan binciken bayanai wani ɓangare ne na kayan aikin kansa, kamar yadda lambobin manhajar suke, kuma hanya ɗaya ce ta sanin ingancinsa, wato a gwada shi a kan tambayoyin da aka riga aka san amsarsu a ƙirga sau nawa ya kai na'ura ga gaskiya. Kyan tsari da daɗin karatu ba su isa shaida ba. Duk wanda zai miƙa wa na'ura asusun kasuwanci ko rajistar asibiti ko sakamakon jarrabawar ɗalibai yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi wannan gwaji.

Sai mu fara da yadda abin yake aiki. Lokacin da ChatGPT ya fito a ƙarshen watan Nuwamban 2022, iyakarsa hira: ka tambaya, ya amsa daga abin da aka horar da shi a kai. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu gina manhaja hanyar da za su jera wa na'urar kayan aiki, ita kuma ta zaɓi wanda za ta kira da abin da za ta tura masa. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta daidaita yadda ake haɗa waɗannan na'urori da rumbunan bayanai da sauran manhajoji, kuma cikin 2025 OpenAI da Google suka karɓe ta. Daga nan ne na'urar ta tashi daga mai hira ta zama wakili, mai ɗaukar tambayarka ya je ya bincika ya dawo da amsa. Sai dai wakilin ba ya ganin cikin kayan aikin da yake kira. Abin da ake nuna masa abu uku ne: sunan kayan, ɗan bayani a kan amfaninsa, da jerin guraben da zai cike. Kamar ɗan aike ne da aka kawo yau daga wani gari, aka damƙa masa takarda aka ce ya je sito ya ɗauko kaya, ga shi bai san kowa ba, ba shi da wanda zai tsayar a hanya ya tambaya, kuma gobe da safe zai tashi bai tuna komai na jiya ba. Ma'aikacin da ya shekara goma a ofis ya san abubuwa da yawa da ba a taɓa rubutawa ba. Wakilin na'ura kuwa abin da ba a rubuta ba, a wurinsa babu shi, sai dai ya yi hasashe, kuma yakan faɗi hasashensa da irin muryar da yake faɗin tabbas.

Akwai shaidar bincike a kan girman wannan giɓi. Yawancin rumbunan bayanai ana yi musu tambaya ne da harshen SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro a kamfanin IBM a shekarun 1970. A 2023 masu bincike daga Jami'ar Hong Kong da kamfanin Alibaba da wasu abokan aikinsu suka fitar da ma'aunin gwaji mai suna BIRD, wanda ya ƙunshi tambayoyi 12,751 a kan rumbuna 95 na gaske. Ɗaya daga cikin rumbunan na wani banki ne a Jamhuriyar Czech, inda gurabe ke ɗauke da sunaye irin su A2 da A3 da A11. Ba wanda zai kalli A11 ya san matsakaicin albashin mutanen gunduma ake nufi, sai an gaya masa. Masu binciken sun gwada na'urori sau biyu, sau ɗaya da ɗan ƙarin bayani irin wannan, sau ɗaya ba shi. Ɗaya daga cikinsu, GPT-4, ta samu kimanin kashi 35 cikin ɗari ba tare da bayanin ba, da aka ba ta shi ta haura zuwa kusan kashi 55. Na'urar ba ta canja ba, tambayoyin ba su canja ba, 'yan jimloli kawai aka ƙara, aka samu bambancin maki ashirin. Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne mutanen da aka gwada, waɗanda suka san aikin: da bayanin sun kai kusan kashi 93, ba shi kuwa suka sauko zuwa kashi 72.

Darasi na biyu ya fito ne daga ma'aunin Spider. Na farkonsa, wanda Jami'ar Yale ta fitar a 2018 da tambayoyi sama da dubu goma a kan rumbuna 200, rumbunansa ƙanana ne masu tsabtatattun sunaye, kuma da tafiya ta yi tafiya na'urori suka wuce kashi 90 a kansa, har wasu suka ɗauka an gama da matsalar. A 2024 aka fitar da Spider 2.0 da ayyuka 632 da aka ɗauko daga irin rumbunan da kamfanoni ke amfani da su, inda rumbu ɗaya kan ƙunshi gurabe fiye da dubu, kuma sai an bi takardun bayani kafin a gane me ke ina. Na'ura mafi ƙarfi da masu binciken suka gwada a lokacin ba ta wuce kimanin kashi 21 ba. Sababbin na'urori sun ɗaga wannan maki daga baya, amma darasin yana nan: cin jarrabawa a kan rumbu mai tsabta ba ya nuna abin da zai faru a rumbun ofis, wanda mutane daban-daban suka gina cikin shekaru, kowa da irin gajarta sunansa.

To, mene ne bayani mai inganci ya kamata ya ƙunsa? Na farko, ya faɗi lokacin da za a yi amfani da kayan da lokacin da ba za a yi ba. Idan akwai kayan aiki biyu, ɗaya na neman abokin ciniki, ɗaya na neman rasit, kuma bayaninsu duka “neman bayanai” ne, wakilin zai zaɓa ne da ka. Na biyu, ya faɗi ma'auni: kwabo ko naira, kilo ko buhu, da tsarin kwanan wata, domin 03/04/2025 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila da Najeriya kuwa 3 ga Afrilu. Har agogo yana da muhimmanci. Najeriya da Nijar suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, don haka cinikin da aka yi da ƙarfe 12:30 na daren 1 ga wata zai faɗa lissafin watan da ya gabata idan rumbun da agogon GMT yake aiki. Na uku, ya faɗi irin ƙimar da kowane gurbi ke karɓa. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma wasu sunayensu ɗaya ne: akwai Obi a Binuwai da Obi a Nasarawa, akwai Bassa a Kogi da Bassa a Filato, sannan Nasarawa suna ne na jiha, da na ƙaramar hukuma a cikin jihar, da na wata ƙaramar hukumar a birnin Kano. Bayanin da bai ce a haɗa sunan jiha ko lambar ƙaramar hukuma ba ya buɗe ƙofar cakuɗa alƙaluman wurare biyu. Haka nan rumbun da ya ajiye Kaura Namoda ba zai gane Ƙaura Namoda ba idan ba a shirya shi ya daidaita haruffa masu lanƙwasa ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba, zai dai ce bai samu komai ba.

Wannan shiru shi ne babban haɗarin, kuma shi ya sa kashi na huɗu na bayanin, wato abin da kayan ke dawowa da shi, ya fi kowanne saurin faɗawa cikin mantuwa. Kayan bincike da yawa suna dawo da layuka ɗari na farko ne kawai, sai an sake nema a samu sauran. Idan ba a rubuta haka ba, wakilin zai ƙirga ɗari ya ce marasa lafiya ɗari ne suka zo asibiti, ko da sun kai dubu uku. Gurbin da aka bari ba komai ma yana da fuska biyu: ko dai adadin sifili ne, ko kuma ba a kawo rahoto ba. Asibitin da ya ce ba wanda ya kamu da ƙyanda daban yake da asibitin da bai aiko da takarda ba, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai kai rigakafi inda ba a fi buƙata ba. Na biyar shi ne saƙon kuskure. Saƙon da ya ce “an samu matsala” bai koya wa wakilin komai ba, amma wanda ya ce “rubuta kwanan wata da shekara a farko, sannan wata, sannan rana” ya ba shi damar gyarawa nan take. Na ƙarshe, dole bayanin ya fayyace ko kayan karantawa kawai yake yi ko yana iya canjawa da gogewa, domin kuskuren karatu ana gyara shi, bayanan da aka goge kuwa wani lokaci sun tafi ke nan.

Jera waɗannan sharuɗɗa a duba ko an cika su mataki ne na farko kawai. Mataki na biyu shi ne a tabbatar abin da aka rubuta gaskiya ne, kuma tarihi ya ba da misali mai tsada a kan haka. A ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da yake shirin shiga zagayen duniyar Mars. Bincike ya nuna cewa wata manhaja ta kamfanin Lockheed Martin tana fitar da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam na Amurka, manhajar masu tuƙa kumbon kuma tana ɗaukar su a matsayin ma'aunin mita. Takardar yarjejeniyar aikin ta faɗi ƙarara cewa da ma'aunin mita za a yi, wato rubutun ba shi da aibi, manhajar ce ba ta bi shi ba, kuma aka yi watanni ana tafiya ba a gano tushen saɓanin ba. Wannan ya nuna cewa mai duba takarda kaɗai zai iya ba ta cikakken maki alhali tana faɗin abin da ba shi ke faruwa ba. Kowace jimla a bayanin kayan aiki da'awa ce, kuma da'awa tana buƙatar shaida: a kira kayan, a ga ko ya yi abin da aka ce zai yi, a maimaita haka duk lokacin da aka taɓa manhajar.

Mataki na uku shi ne gwajin sakamako, kuma shi ne alƙali. A tattaro tambayoyin da mutanen ofis suke yi da gaske, da irin kalmomin da suke yin su, har da masu harshen damo da waɗanda rumbun ba shi da amsarsu. Wanda ya san bayanan ya rubuta amsar kowace. Sai a ba wa wakilin kayan aikin da bayaninsu kaɗai, a ƙirga: sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, sau nawa ya cike guraben daidai, sau nawa amsarsa ta zo ɗaya da ta gaskiya, sau nawa kuma ya ce bai sani ba a inda hakan ne daidai. Daga nan a canja jimla ɗaya a bayanin a sake gwadawa. Idan maki ya hau, jimlar tana aiki, idan bai motsa ba, nauyi ce kawai. Ya kamata a ɓoye wasu tambayoyin da ba za a duba su lokacin gyara ba, don kada a ƙare da bayanin da aka ɗinka wa jarrabawa kaɗai. Ya kamata kuma a karanta sawun da wakilin ya bari, ba amsarsa ta ƙarshe kawai ba, domin a nan ake ganin inda ya yi tuntuɓe ya sake gwadawa sau biyar kafin ya dace.

Akwai masu ja da wannan, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa na'urorin kullum ƙara kaifi suke yi, nan gaba kaɗan za su gane komai da kansu. Gaskiya ne sabuwar na'ura takan leƙa bayanan ta lura cewa lambobin sun yi yawa, ta yi zargin kwabo ne. Amma akwai ilimin da ba ya cikin bayanan kwata-kwata. Ko kamfani yana ɗaukar mutum a matsayin abokin ciniki mai ci idan ya saya cikin kwana 30 ko cikin kwana 90, shawara ce da wasu mutane suka yanke a wani zama, kuma ba kaifin basirar da zai tono ta daga jadawali. Ƙwararrun mutanen da suka sauko zuwa kashi 72 a gwajin BIRD ba basira suka rasa ba, labari suka rasa. Hasali ma na'ura mai kaifi ta fi iya shirya hasashe mai gamsarwa, wanda ya fi wuyar kamawa.

Na biyu suna cewa dogon bayani yana da tsada, domin ana biyan kuɗi a kan yawan rubutun da na'urar ta karanta, kuma idan aka jibga mata bayanin kayan aiki ɗari sai hankalinta ya rabu. Wannan ma gaskiya ne, sai dai hujja ce a kan wajabcin gwaji, domin gwajin ne ke nuna wace jimla za a bari, wace za a cire. Inganci ba tsawo ba ne. Jimla huɗu da suka faɗi ma'auni da iyaka da abin da ba za a yi da kayan ba sun fi shafi biyu na yabon manhaja. Na uku suna cewa a bar na'urar ta rubuta bayanin da kanta. Tana iya yin daftarin farko, kuma tana da amfani ƙwarai wajen karanta sawun gwaji ta nuna inda aka ruɗe. Amma idan ta kalli A11 ba tare da wanda ya sani ba, bayanin da za ta rubuta hasashe ne da aka sa wa rigar hukuma, kuma wakilin da zai karanta shi gobe ba zai san hasashe ba ne.

Ja na huɗu ya fi sauran ƙarfi: maimakon a yi ta bayani, a gyara kayan aikin yadda kuskure ba zai yiwu ba. Anthropic ya ba da misali a wani rubutunsa na Disamban 2024, inda ya ce na'urarsa tana kuskuren gano fayil idan aka ba ta damar rubuta gajeren adireshi, da aka tilasta cikakken adireshi sai kuskuren ya ɓace, kuma ya ce wajen gina wannan wakili nasa ya fi ɓata lokaci a kan gyaran kayan aiki fiye da gyaran umarnin da ake ba na'urar. Wannan daidai ne, kuma duk inda zai yiwu shi ya fi: a sa wa gurbi suna “adadi da kwabo”, a ba da jerin jihohi a zaɓa maimakon a bar mutum ya rubuta. Amma sunan gurbi da jerin zaɓi su ma bayani ne, an dai dasa su ne a jikin kayan. Kuma ba a gano inda ke buƙatar irin wannan gyara sai ta hanyar kallon wakili yana tuntuɓe, wato gwajin da ake magana a kai.

Saura batun tsaro, wanda ya ɗaga wannan magana daga ta inganci zuwa ta amana. Tunda wakilin yana karanta bayanin kayan aiki ne a matsayin abin da zai bi, mugu zai iya cusa umarni a ciki. A watan Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs sun nuna yadda za a ɓoye umarni a bayanin wani kayan aiki mai kama da na lissafi, ya sa wakilin ya karanto fayilolin sirri ya tura waje, mai amfani kuwa ba ya ganin cikakken rubutun a fuskar kwamfutarsa. Ke nan duba bayani ya haɗa da tambayar wa ya rubuta shi, ko ya canja tun bayan da aka amince da shi, da ko yana neman abin da ya wuce aikinsa.

Bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati a ƙasashenmu suna cikin masu sayen irin waɗannan manhajoji, kuma yawancinsu an gina su ne an gwada su a kan bayanan wasu ƙasashe, da Turanci. Wanda zai sa hannu a takardar saye bai kamata ya gamsu da nunin da mai talla ya shirya ba. Ya nemi a nuna masa bayanin da wakilin ke karantawa, ya nemi sunan ma'aikacin da alhakin sabunta shi ke wuyansa, ya kawo tambayoyi hamsin ko ɗari daga teburin ma'aikatansa, har da waɗanda aka yi da Hausa da sunayen garuruwanmu, a gwada a gabansa a ƙirga. Idan manhajar ta faɗi, a gyara bayanin a sake. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a yi gwajin, to kada a saya.